Allura Ta Huɗu

Garmahon Haridi ya yi shiru daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya na la'asar, kamar kullum. Ba a idar da raka'a biyu ba ihu ya tashi a kan titi.

Mata masu sayar da dabino ne suka fara ganin Dahshan, ɗan gidan Hindawi, yana gangarowa daga matakalar benen Haridi a guje. Tafin hannunsa jina-jina, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Da aka hau, aka tarar da Haridi kife a kan darduma, ƙeyarsa a fashe, taɓaryar tagulla ta dakan gahawa a gefensa.

Kowa a Naga Sawaƙi ya san abin da ke tsakanin gidajen biyu. Shekara ashirin da suka wuce yayan Dahshan ya harbe Mahran, ƙanen Haridi, a kan rabon ruwan gona. Wanda ya yi harbin ya mutu a kurkuku, amma a nan mutuwar kurkuku ba ta wanke jini.

Umda Gadalla, mai garin, ya yi sauri. Kafin mutane su gama fitowa daga masallaci ya jefa Dahshan ɗakin ajiyar hatsinsa, ya kafa masu gadi biyu da bindiga a ƙofa. Sannan ya aika a kira Karrar.

*

Karrar mutumin ƙabilar Ababda ne, ɗan hamada, yana zaune a bukkar ƙarshen gari inda gona ta ƙare yashi ya fara. Aikinsa bin sawu. In an saci raƙumi ko bauna, shi ake kira. Ba shi da dangi a garin, ba shi da ko kabarin kaka. In aka kashe shi babu wanda zai tashi saboda shi. Ya san haka, kuma kowa ya san ya sani.

"Kogi ya cinye hanya," in ji Umda, yana share gumi da bakin hannun riga. "Na buga waya Kus. Jirgin 'yan sanda sai jibi da safe. Ƙanen mamacin kuwa, Abdul-Radi, ya ce in an yi kiran la'asar gobe zai zo ɗaukar mutumin, ko da masu gadi ko babu."

"To mene ne nawa a ciki, ranka ya daɗe? An ga mutum da jini."

"Ya rantse min da Alƙur'ani sau bakwai cewa a mace ya same shi."

"Kowa yana rantsuwa."

"Na sani. Amma in suka kashe shi a gidana, Hindawi maza sittin ne. Garin nan zai ƙone, Karrar, har da bukkarka. Je ka duba min."

A ƙofar gidan mamacin Karrar ya ga alamar masu jiran fansa, waɗanda ba sa karɓar ta'aziyya sai sun rama jini. Ba a shimfiɗa tabarma ko ɗaya ba. Ba kujera, ba mai karatu, ba gahawa. Duk wanda ya miƙa hannun ta'aziyya, Abdul-Radi, ƙanen mamacin, sai ya maida nasa hannun baya.

"Ba mu yi rashi ba tukuna," yake cewa. "Ku dawo in mun yi."

A bayansa Fawwaz ne tsaye, ɗan marigayi Mahran, matashi mai faɗin kafaɗa da aka yi wa maraici yana shekara bakwai. Idonsa ja wur.

"Ga mai shinshina kashin raƙuma," in ji Fawwaz. "Me aka ce ka nemo? Wanda ya yi yana cikin buhunan Umda yana fitsari a wando."

Karrar ya wuce shi. Ya cire takalmi ya hau.

*

Ɗakin ya riga ya lalace. Ƙafa arba'in ta shiga ta fita, wasu har cikin jinin. A matakala ya iya raba sawun Dahshan: ya hau a hankali, ya sauko da tsalle. A ƙarƙashinsa akwai wani sawu da ya riga shi, takalmin birni mai ƙusa a dunduniya. Mutum ɗaya ne a garin ke da irinsa.

Ya bi ƙaramar ƙofar baya ya fita saman soro. Daga nan tsani ya sauka ta bayan ɗakin tattabaru zuwa garken dabbobi. Ya tsuguna. An ja reshen dabino a kan ƙurar, tun daga bakin ƙofa har kan tsanin. An share tsaf, ba gaggawa.

Mutumin da ya fito a guje rawani na jan ƙasa ba ya tsayawa shara.

Ya koma ɗaki ya tsaya yana kallo. Abu ɗaya ne ya yi tafiya a nan da ba a tattake sawunsa ba. Garmahon na kan teburinsa, ƙahonsa a buɗe kamar bakin da ya manta abin da zai faɗa. Faifan da ke kai ba baƙi ba ne sosai. Ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Karrar ya shafa gefen teburin, yatsansa ya ɗauko baƙin gari.

Kusa da garmahon akwai ƙaramin kofin shayi, da allurai uku a ciki.

Ya kwance allurar da ke bakin garmahon, ya ɗaure ta a gefe ɗaya na rawaninsa. Ya ɗauki ɗaya daga cikin kofin ya ɗaure a ɗaya gefen.

*

Washegari da hantsi, bayan an kai Haridi makwanci ba tare da an gaisa da kowa ba, Karrar ya shiga shagon Usta Girgis mai gyaran agogo. Girgis ya ga idonsa ya sauka kan takalmin, sai ya fara magana tun kafin a tambaye shi.

"Eh, na hau! Na hau da safe, kafin azahar, dubu sun gan ni. Allurai na kai masa, batta ɗaya, kamar kowane wata. Na sha gahawarsa, ya zagi gyarana, na zagi waƙoƙinsa, na sauko. Na rantse da Almasihu da ransa na bar shi. Kar ka ja min, ɗan raƙuma, ina da 'ya'ya mata huɗu."

"Bayan azahar kana ina?"

"A nan, da agogon liman a hannuna da liman ɗin a kaina yana min wa'azi. Je ka tambaye shi, har yanzu kunnena na zafi."

Karrar ya kwance rawaninsa ya ajiye alluran biyu a kan tebur.

"Ni ƙafa na sani. Koya min wannan."

Girgis ya yi ajiyar zuciya. Ya soka gilashinsa a ido, ya ɗauko sabuwar allura daga aljihun tebur, ya jera su uku a kan farar takarda.

"Leƙa. Wannan sabuwa ce. Ka ga bakinta? Zagayayye, kamar ƙwayar gero. Wannan ta kofi, ta yi fuska ɗaya ta faifai. Duba gefenta, akwai wani ɗan wuri mai ƙyalli, faifai ya lashe shi. Daga nan ta gama aiki, sai zubarwa. Ƙarfe ne mai taushi, da gangan aka yi shi haka, don shi ya cinye, faifai ya tsira. Wannan kuwa..."

Ya juya allurar ta uku da hantsaki, ya ƙara matsowa kusa da taga.

"A ina ka samo wannan gatarin?"

"A bakin garmahon Haridi."

"Ƙarya ne."

"Da hannuna na kwance ta."

"Leƙa ka gani! Ba ta da baki kuma. Ta yi kafaɗu biyu, kamar kofaton jakin da aka yi shekara ba a gyara ba. Irin wannan ba ta bin hanya, sassaƙa take yi. Muryar mai waƙa takan fara dishewa, in ya ɗaga sai ta tsage, musamman in an kusa tsakiya. Sannan faifan ya yi toka. Haridi? Haridin da ya kore ni sati biyu don na maimaita allura sau ɗaya tak? Da ya yi wannan gara ya yanke yatsansa."

"Kofin nan, yaushe ake zubar da shi?"

"Kullum da safe. Wahiba, yayarsa, ita ke zubarwa a rami don kar kaji su haɗiye."

"Uku ne a ciki."

Girgis ya cire gilashin a hankali. Da an idar da azahar Haridi ke fara sa faifai. Fuska ɗaya minti uku ce, da murɗa hannu da kurɓar gahawa a ce biyar. Allura uku, ta huɗu tana kai. Kwata ɗaya bayan azahar, ko kaɗan fiye.

"Amma garmahon bai yi shiru ba sai la'asar," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ma na ji."

"Na'am."

"To wa yake..." Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Da gawar a gabansa?"

Karrar ya naɗe alluran. Awa uku. Wani ya zauna awa uku a ɗakin nan yana murɗa hannu yana juya faifai, don ya san in benen Haridi ya yi shiru bayan azahar, rabin unguwa za su hau tambayar lafiya.

*

Dahshan yana zaune a kan buhun alkama, jinin ya bushe a hannunsa, ba a ba shi ruwan wankewa ba. Ta ramin ƙofa suka yi magana.

"Daga azahar zuwa la'asar kana ina?"

"Wurin wanzami. Layi ne, Baba Karrar, ka san ranar Laraba. Har da mutum biyu na gidansu a layin, suna hararata. Ka tambaye su in za su faɗi gaskiya."

"Me ya kai ka benen maƙiyinka?"

A hankali ya ce:

"Shi ya kira ni. Mun yi wata uku muna magana a ɓoye. Ranar Juma'a zan ɗauko likkafanina a hannu, ba takalmi, ba rawani, in ratsa gari in miƙa musu wuyana. Su kuma su yanka rago a madadina, a rufe maganar. Jiya zan je mu tsayar da lokaci. Ya ce in hau da an kira la'asar, titi ba kowa." Muryarsa ta karye. "Likkafanin yana gida, matata ta ɗinke shi. Ga shi zai yi amfani ta wata hanyar."

"Wa ya san za ka je?"

"A wajenmu ba kowa. A wajensu ban sani ba."

*

Rana ta kusa tsakiya lokacin da Karrar ya ja Girgis zuwa benen. Girgis yana tafe yana karanto sunayen 'ya'yansa mata. Suka zare faya-fayan daga rigunansu ɗaya bayan ɗaya, suna karkata su ga hasken taga. Galibinsu baƙi ne sil, suna sheƙi. Huɗu ne suka yi toka. Karrar ya jera su a kan gado kamar yadda yake jera sawu a ransa: wannan da sauƙi, shi ne farko, wannan ya fi, wannan ya fi shi, na kan garmahon shi ne ƙarshe.

Ya daɗe yana kallon na uku da na huɗu.

"Usta, tsakanin wannan da wannan akwai rami."

"Wane irin rami?"

"In raƙumi ya fara ɗingishi, kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa. In na ga sawu a nan da ɗan ɗingishi, na gan shi a can yana jan ƙafa, na san akwai tafiyar da ban gani ba a tsakani."

Girgis ya duba, ya ƙirga da yatsu.

"Faifai huɗu fuska takwas ne. Ko an maimaita, allurar nan ta yi fiye da haka. Kana da gaskiya, la'ananne. Akwai wanda ta ci da ba ya nan."

*

Wahiba tana madafa a ƙasa, sanye da baƙi, tana murza kullun da ba wanda zai ci. Ta haura sittin. Ita ta riƙe gidan tun rasuwar matar Haridi, ita ta goyi Fawwaz bayan an kashe ubansa.

"Hajiya, kin ji garmahon jiya?"

"Ina da kunne."

"Kin ji wani abu dabam?"

Hannunta ya tsaya cikin kullun.

"Muryar ta dishe. Na ce ko injin ne. Na ce in Girgis ya zo zan ce masa ɓarawo."

"Shi ke nan?"

Ta ci gaba da murza kullun.

"Ya sa waƙar Mahran."

"Wace ce waƙar Mahran?"

"Wani faifai ne da Mahran ya sayo a Asyut shekarar da aka haifi Fawwaz. Waƙar masu jirgin ruwa. Kullum sai ya sa, yana ɗora yaron a wuya yana rawa kamar mahaukaci. Ranar da aka kashe shi Haridi ya naɗe faifan a rawaninsa ya ɗora a kan kabad, ya ce ba mai sake jin sa a gidan nan. Shekara ashirin. Jiya na ji shi. Sau ɗaya, sau biyu, har na daina ƙirgawa. Na zauna a nan na yi kuka. Na ce Haridi yana sallama da ƙanensa ne kafin Juma'a."

"Kin san maganar Juma'a ke nan."

"Ni ya fara gaya wa."

"Sai wa?"

"Ya ce zai gaya wa yaron da kansa. Shi ne ɗan Mahran, shi zai riƙe wuƙar ragon."

"Battar allurai fa, Hajiya? Sabuwar."

"A aljihun falmaran ɗinsa masu wanka suka same ta. A kanta ya faɗi."

Ta faɗi haka, sannan ta ji abin da ta faɗa gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Karrar ya ga lokacin da ya isa gare ta. Fuskarta ta zama kalar kullun.

"Wa ya san inda faifan yake?" ya tambaya.

"Fita."

"Hajiya."

"Yaron yana kan ganuwar kogi jiya yana tsaron ruwa, kowa ya sani! Abdul-Radi yana zauren Umda tun azahar. Ba wanda ya hau!" Ta matso, ta riƙe bakin rigarsa da hannu mai kullu. "A bayana ya girma, Karrar. Yana shekara tara ya ɗora kujera a kan tebur don ya taɓa faifan nan kawai, Haridi ya zane shi har ya kwana uku bai zauna ba. Shi kaɗai Mahran ya bari. Wancan na gidan Hindawi ne, suna da sittin irinsa." Ta sassauta murya. "Kai kuma ba ka da kowa a garin nan. Ka tuna."

Ya tuna. Yana tunawa har ya hau benen, ya taka kujera, ya leƙa saman kabad. Ƙurar shekara ashirin ce a wurin, mai kauri kamar bargo. A tsakiyarta sawun yatsu huɗu, sabo.

*

Inuwar bango ta fara tsawo lokacin da aka cika zauren Umda. Abdul-Radi ya zo da bindiga a kafaɗa, maza goma sha biyu a bayansa. Fawwaz na damansa. An fito da Dahshan an tsayar a lungu tsakanin masu gadi. Wahiba tana bakin ƙofa, ta ja mayafi har hanci.

A tsakiyar zauren, a kan tebur, garmahon Haridi.

"Biki za ka yi mana, Umda?" in ji Abdul-Radi. "Ka kira makaɗa?"

"Kafin kiran salla nawa ne," in ji Umda. "Bayan kira naka ne. Haka muka yi."

Karrar ya bi zauren da kallo. Ya ƙirga bindigogi, biyar. Ya ƙirga ƙofofi, ɗaya.

"Alhaji Abdul-Radi," ya ce, "yayanka yana maimaita allura?"

Wani ya yi dariya a baya, dariyar da ta kuɓuce.

"Haridi? Ya fi son alluran nan da mu," in ji Abdul-Radi.

"Usta, nuna masa."

Girgis ya miƙa gilashin. Abdul-Radi ya leƙa ta kofi, ya leƙa ta bakin garmaho. Manomi ne, ya san bakin garma in ya cinye. Ya mayar wa Girgis gilashin.

"Uku ya canza," in ji Karrar. "Ta huɗu ba a canza ta ba har la'asar. Yayanka ya rasu kwata ɗaya bayan azahar. A lokacin wannan yana layin wanzami, ɗanka Sabri na gabansa, surukinka na bayansa. Ƙarya nake?"

Ba wanda ya ce ƙarya ne. Sabri ya sunkuyar da kai.

"Surutun banza!" in ji Fawwaz. "Baffa, za ka tsaya wani baƙon hamada da mai gyaran agogo su sayar maka da jinin yayanka a kan tsinken ƙarfe? Ya saye su!"

Karrar bai kalle shi ba. Ya zaro wani ƙunshi daga cikin rigarsa, tsohon rawani da ya koma ruwan ƙasa. Abdul-Radi ya gane shi tun kafin a kwance. Ya ja da baya taki ɗaya.

"Wa ya ba ka izinin taɓa wannan?"

"An riga ni."

Girgis ya ɗaura sabuwar allura, ya murɗa hannu, ya sauke ta a hankali.

Da farko shuu kawai, kamar ana zuba yashi a kan kwano. Sai ganga, can ƙasa. Sai murya. Muryar namiji ce da ta taɓa zama mai daɗi, yanzu kamar an shaƙe shi ana tilasta masa waƙa. Ya ja baitin masu jirgi, da ya zo inda zai ɗaga sai muryar ta tsage gida biyu, ta koma kururuwa. Tsofaffin da ke zauren sun san waƙar. Wani ya ce, "La'ilaha illallahu." A bakin ƙofa Wahiba ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ta mutu," in ji Girgis, ba da kowa yake ba. "Shekara ashirin tana kwance lafiya, an kashe ta a yini ɗaya. Ba mai sake jin ta."

"Ɗaga allurar," in ji Fawwaz.

Ba wanda ya motsa. Muryar ta ci gaba da tsagewa, tana ƙara muni tana kusantar tsakiya.

"Na ce ka ɗaga! Injinka ne ya lalace, ba haka take ba! Jiya da na fara sa ta garau take, kamar yana ɗakin..."

Ya tsaya.

Faifan ya kai ƙarshe. Allurar ta shiga zagaye a tsakiya, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ba wanda ya ɗaga ta.

"Jiya kana kan ganuwar kogi, ɗana," in ji Abdul-Radi. A hankali ya faɗa, kamar mai roƙo.

Fawwaz ya dubi ƙofa, ya dubi Wahiba, ya dubi hannuwansa.

"Rago, Baffa," ya ce. "Ya ce ni zan yanka. Ubana, a ba ni rago. Na ce masa ya bari, na durƙusa masa. Ya juya min baya yana ɗaura allura, yana cewa an gama magana, wai yaron Hindawi na zuwa da la'asar. Taɓaryar tana nan kusa. Sai na ce to, bari ya zo. Ku kashe shi, ko ta wannan hanyar ubana ya samu nasa."

"Ka zauna da shi awa uku," in ji Abdul-Radi.

"Na nemi battar. Na san ana canzawa, wa bai sani ba a gidanmu? Tana aljihunsa. Na kai hannu sau uku." Muryarsa ta koma ta yaro. "Na kasa juya shi, Baffa. Idonsa a buɗe yake."

Daga masallaci ladan ya ɗaga murya.

Abdul-Radi ya sauke bindigar daga kafaɗa. Karrar ya ga bakin bindigar ya bi ta kan Dahshan, ya bi ta kan Fawwaz, ya zo kansa ya ɗan tsaya.

Sannan Abdul-Radi ya ajiye ta a kan tebur, kusa da garmahon, ya ɗaga allurar da yatsa biyu.

"Umda, ɗakin hatsinka ba kowa yanzu. Sa Fawwaz a ciki, ka riƙe makullin da kanka. Kar ka ba ni ko na roƙe ka." Ya juya ga Sabri. "Je ka fito da tabarmi. A kira mai karatu, a ɗora gahawa. Mun yi rashi."

*

Kafin magariba layin masu ta'aziyya ya kai bakin kasuwa. Can a tsakiyarsa Dahshan ne, ba takalmi, ba rawani, farin ƙyalle naɗe a kan hannuwansa biyu. Bai jira Juma'a ba. Da ya iso gaba, Abdul-Radi ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sannan ya karɓa ya ajiye a gefe, ya miƙa masa hannu.

Karrar bai shiga layi ba. Daga inda yake tsaye yana hango Wahiba a tagar bene. Ba layin take kallo ba, shi take kallo. A bayanta akwai 'yan uwan uwar Fawwaz, maza uku daga ƙetaren kogi, da ba su ajiye bindigoginsu a kan teburin kowa ba.

Ya koma bukka. Ya ɗaure buta da bargo da ɗan garin da ya rage, ya ɗora wa raƙumarsa. A bakin gonar ƙarshe ya tsaya ya sari reshen dabino, ya ɗaura shi da igiya a bayan sirdi yadda zai riƙa jan ƙasa.

Shekara arba'in yana bin sawun mutane. Ranar ce ya fara share nasa.